Hoton Makaɗin da Aka Ba Alhaji

Ranar Laraba ce, a tsakiyar watan Sha'aban, an idar da sallar azahar ke nan. Mu uku ne a ofishin da ke saman shago a Murshid Bazaar: Alhaji mai kamfanin, da wakilinsa na Dubai, da ni da aka kira in yi tafinta. A kan kujerar baƙi an jingine wani hoto da bango, ƙasansa har yanzu cikin ledar nan mai ƙuraje da ake naɗe kayan fashewa da ita.

Na yi shekaru ina fassara da karanta labarai a gidan rediyo a Kano kafin in zo Dubai. A nan aikina a kamfanin dakon kaya yake, amma 'yan kasuwarmu kan kira ni idan za su zauna da baƙo suna son a faɗa musu magana yadda ta fito. Na-Rediyo suke ce mini. Alhaji bai taɓa kirana ba, domin ba ya da bukata. Wakilinsa ya iya Turanci sarai, Larabcinsa ma ya fi nawa. Saboda haka tun da na ji muryar Alhaji da kansa a waya, na san wani abu ya shiga tsakaninsu.

Su biyun taubasai ne. Wakilin ɗan kawun Alhaji ne, sa'anni ne kuma, gida ɗaya suka tashi. Duk wanda ke hawa benen nan ya san wasansu, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, har masu ɗaure kaya 'yan Pakistan sun haddace kalmar. Ran nan da na shiga, wakilin yana tsaye a jikin taga, hannuwansa a baya, kamar ɗan makarantar da ake jiran ubansa ya zo. Daga ƙasa ana jin ƙarar salatif ana ja ana yankewa.

"Na-Rediyo, zauna," in ji Alhaji. "Ba can ba. Nan, inda za ka gan shi da kyau. Dubi mutumin nan ka gaya mini abin da yake cewa."

Kwafi ne, amma an buga shi a kan ƙyalle mai kauri, an sa masa firam na katako mai ruwan zinariya. Irin zanen nan ne na Turawan Italiya na shekaru ɗari biyar da suka wuce. Mutum ne matashi, daga kugu zuwa sama, da baƙar hula mai laushi da baƙar riga mai gashin dabba a wuya. Bayansa duhu ne ƙirin. Haske ya shigo daga hagu ya sauka a goshinsa da kunci ɗaya da hannuwansa. Yana rungume da abin kiɗa mai tsirkiya, cikinsa kamar rabin duma, wuyansa ya lanƙwashe baya daga ƙarshe. Hannunsa na hagu yana can ƙarshen wuyan, ya kama ɗaya daga cikin 'yan ƙusoshin katakon da ke wurin. Babban yatsansa na dama yana kan tsirkiya ɗaya. Ya karkatar da kai gefe. Idonsa ba ya kallonka, ba ya kallon abin da ke hannunsa. Bakinsa a rufe, gefe ɗaya ya ɗan tsuke.

Na tambayi daga ina. Wakilin ya buɗe baki, Alhaji ya riga shi. Wani Bature ne ɗan Italiya da suke sayen tayil da kayan banɗaki a wurinsa ya aiko direbansa da shi da hantsi. Kyauta ce, in ji direban, ba wani bayani.

Na fara da hanya mai sauƙi. Na ce idan batun rataye hoton mai rai ne, ai ba dole sai an rataye ba, a yi godiya a ajiye.

"Ba fatawa na kira ka ba," in ji shi. "Da ita nake so, ga malamai can a masallaci. Akwai magana a cikin hoton nan. Ita nake so a fito mini da ita."

Na san maganar, ko da yake babu wanda ya faɗe ta a ɗakin, kuma har muka rabu ran nan babu wanda ya faɗe ta. Mahaifin Alhaji makaɗin garaya ne. Ya yi wa mafarauta kiɗa, ya yi wa 'yan bori. Ya rasu Alhaji yana ƙarami, sai kawunsa, mahaifin wakilin, wanda ɗan kasuwa ne, ya ɗauke shi ya riƙe. Tun daga nan ake danganta shi da gidan kawun, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Ni na sani ne domin muryar tsohon tana cikin kaset-kaset ɗin gidan rediyonmu, na sha sa ta, kuma wani dattijon injiniya ya taɓa gaya mini ko mahaifin wane ne. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. A wurinmu mutum zai wuni yana jin makaɗi, ya yi masa kari, amma ya ƙi a ce sun haɗa jini. Alhaji ya gina sunansa a kasuwa da sahun gaba na masallaci, ya kuma gina shi a kan shirun mutane.

"Ka san abin da wannan ya yi da aka buɗe shi?" Ya nuna wakilin da haɓa. "Dariya. Har da riƙe ciki."

"Alhaji, wasanmu ne fa. Tun muna yawo ba wando muke yinsa."

"Bayan dariyar me ka ce? Maimaita wa Na-Rediyo."

Wakilin ya dubi ƙasa. Daga baya ne ya gaya mini abin da ya ce: ga Baba ya biyo ka har Dubai. Su biyu ne kawai a ɗakin sa'ad da ya faɗa, kuma a tsakanin taubasai an faɗi abin da ya fi wannan. Amma ya faɗe shi ne a gaban hoton da baƙo ya aiko.

"Ba zai maimaita ba," in ji Alhaji. "To ka ji lissafina. Baturen nan bai san hanyar Kano ba. Duniya cike take da agogo da turare da dabino. Ya tsallake su duka ya aiko mini da wannan. Kyauta magana ce, Na-Rediyo. Wanda ya aiko maka da sabulu, ka shinshina jikinka. Wa ke zama da shi idan ba na ƙasar? Wa ke shan gahawarsa, suna ta hira suna ƙyaƙyatawa?"

"Wallahi ban taɓa..."

"Kada ka rantse tukuna." Bai ɗaga murya ba. "Idan ya tabbata daga bakinka ta fita, ka ajiye mini makullaina. Bizarka a kan kamfanina take, zan sa a soke ta. Kalas, magana ta ƙare. Ka kwashe iyalinka ka koma gida ka yi wasan da waɗanda suka ga za su iya."

Wakilin yana da mata da 'ya'ya huɗu a wani fulat, wato sashen gidan bene na haya, can wajen Al Warsan, babbar tana shekarar ƙarshe a sakandare. Zamansu duka a kan bizarsa yake rataye. Shekarunsa sun wuce na fara neman aiki.

Alhaji ya juyo kaina. "To, malamin fassara. Ina jinka."

Na faɗi abin da na sani, ba ƙari. A zamanin da aka yi irin wannan zane, ba kowa ake zanawa ba. Sai mai hali, ko wanda masu hali ke ji da shi. Na nuna masa gashin da ke wuyan rigar, na ce wannan ba tufafin talaka ba ne. Na ce a wurinsu iya kiɗa abin ado ne ga ɗan babban gida, mai yiwuwa ma mutumin ba da kiɗan yake ci ba. Na ce Bature idan ya ba ka irin wannan, yawanci abin da yake nufi shi ne ga wani abu mai daraja daga garinmu.

Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Makaɗin fada ke nan. Mu ma namu ana ba su riguna masu aiki. In sun sa, sai su daina zama maroƙa?"

Ya nuna hoton da yatsa.

"Bar rigar. Dubi bakinsa. Dariya yake gimtsewa. Irin ta wanda ya san abin da ke ƙarƙashin hularka, yana jiran ka gama cika baki. Kuma dubi idon. Ba ya kallonka, wani yake kallo a gefe, wanda suka haɗa baki."

"Ni baƙin ciki nake gani," in ji wakilin a hankali. "Kamar wanda aka yi wa rasuwa."

"Wa ya tambaye ka?"

Na tashi na matsa kusa. Na sa tafin hannuna na rufe rabin fuskar mai duhu. Abin da ya rage fuska ce a ɗaure, kamar ta alƙali. Na rufe rabin mai haske. Abin da ya rage kuwa ya fi kama da gajiya. Da na janye hannu sai tsukewar bakin nan ta dawo, kuma gaskiya ana iya kiranta dariya, ana iya kiranta ciwon haƙori. A gidan rediyo an koya mana abu ɗaya da ya zauna mini: abin da ba ka tabbatar ba, ba ka karanta shi, ko da shi ne zai daɗaɗa wa mai sauraro. Na san kalmar da wakilin ke roƙo da idonsa. Da na ce babu raini a fuskar nan ko kaɗan, da wataƙila wutar ta ragu. Amma Alhaji ba yaro ba ne, yana da ido, kuma da ya gane lallashi nake yi, da ya ɗauka an riga an yi magana da ni.

Na ce, "Alhaji, zan iya gaya maka abin da ke kan ƙyallen. Abin da ke ran mutumin ciki ban sani ba. Abin da ke ran wanda ya aiko kuwa, yana da rai, yana da baki."

Ya dube ni na ɗan lokaci. Ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Yalla. Mu je wurin mai shi."

Wakilin ne ya tuƙa. A da Alhaji gaba yake zama kusa da shi, suna faɗa a kan wace hanya ta fi sauri. Ran nan ya nuna mini kujerar gaba, shi ya shiga baya da hoton. Daga Deira, unguwar da ofishin yake, zuwa Dubai Investments Park tafiya ce mai nisa, sai ka bar gari a baya ka shiga cikin manyan motoci da dogayen katangu. Wayar wakilin ta yi ƙara, na ga fuskar 'yarsa a kai, ya kashe. Ta sake kira, ya kife wayar.

Muna kan babban titi Alhaji ya ce, "Na-Rediyo, abin da ya faɗa shi za ka faɗa mini. Kada ka sa gishiri, kada ka rage. Ina jin Turancin kasuwa, in ka karkace zan sani. Kai kuma direba, daga sallama ba na son jin muryarka."

"To, Alhaji."

Kalmar direban ta fi komai nauyi a motar. Na sauke makarin rana na gabana, wai don hasken yamma, sai na hango Alhaji a ɗan madubin da ke jikinsa. Ya ɗora hoton a kan gwiwoyinsa, fuskar tana kallonsa. Har muka isa bai ɗaga kai ba.

Siton Baturen babba ne, tayil a jibge bisa katako har kusa da rufi, motocin ɗaga kaya suna ja da baya suna ƙara. Ofishinsa na gilashi ne, a sama. Dattijo ne gajere mai farin gashi, tabarau a rataye a wuya. Ya taso da hannuwa a buɗe yana cewa habibi, habibi, sai ya ga abin da Alhaji ya rungumo. Hannuwan suka sauka. Ya tambaya ko firam ɗin ya karye a hanya.

Alhaji ya zauna, ya jingine hoton da ƙafar tebur. Ya fara yadda ake farawa. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya yi godiya a kan kyauta, ya yi addu'ar Allah Ya bar zumunci. Na juya duka. Aka kawo gahawa a 'yan ƙananan kofuna. Babu wanda ya taɓa nasa sai Baturen. Wakilin ya zauna a kujerar da ta fi kusa da ƙofa.

"Tambaye shi, wa ya ba shi shawarar wannan kyauta?"

Na tambaya. Baturen ya ce babu kowa, shi ya zaɓa, har ma matarsa ta ce masa ya aika da man zaitun ya huta.

"Tambaye shi me aka gaya masa a kan gidanmu."

Baturen ya dubi wakilin, ya dube ni. Ya ce ya san Alhaji yana da 'ya'ya da yawa, ɗaya yana karatun likita. Ya san ba ya shan sukari. Ya ce ko akwai abin da ya kamata ya sani? Ko an yi rasuwa?

Wannan duban da ya yi wa wakilin bai taimaka ba. Alhaji ya gani. Ya gyara zama, ya ɗora hannunsa na hagu a gefen teburin.

"To tambaye shi, cikin duk abin da ke duniya, me ya sa wannan? Me ya haɗa ni da mutumin nan?"

Baturen ya sa tabarau. Ya sunkuya ya ɗauki hoton, ya ɗora a kan tebur yana fuskantar mu. Ya yi magana mai tsawo, ina tsayar da shi ina juyawa. Ya ce na asalin yana rataye a wani gidan tarihi a yankinsu. Mahaifiyarsa tana da ƙaramin kwafi a hanyar shiga ɗakin girki. Yana yaro tsoron mutumin yake ji, ya ɗauka fushi yake da shi, in zai wuce sai ya bi ta jikin ɗaya bangon. Ya ce a gidansu ma ba a taɓa yin ittifaƙi ba. Mahaifinsa cewa yake yi girman kai ne, yayarsa ta ce soyayya ce ta kama shi. Sai da ya girma wani maƙwabcinsu mai gyaran irin waɗannan kayan kiɗa ya ce masa, ku daina kallon fuskar, ku kalli hannuwan. Mutumin ba kiɗa yake yi ba. Ya taɓa tsirkiya ɗaya da yatsa, yana murɗa ƙusar da ɗaya hannun, yana jiran sautin ya zauna daidai. Idon ba ya kallon kowa domin ba ya aiki. Duk mutumin ya koma cikin kunnensa.

Na juya wannan. Alhaji bai motsa ba. "Ban ji amsata ba," in ji shi.

Baturen ya yi murmushi, ya ce yanzu zai zo wurin. Ya ce ko Alhaji ya tuna cin abincin da suka yi da sanyin bara a wani gidan abinci na Larabawa a bakin ruwa? Akwai wani mai kaɗa udu, garayar Larabawa, a lungu. Tsakanin waƙa da waƙa mutumin ya tsaya yana gyara tsirkiyarsa. Wuri cike da hayaniya, babu wanda ya kula. Shi da Alhaji suna tsakiyar ciniki. Sai Alhaji ya tsaya a tsakiyar magana. Kansa ya karkata. Bakinsa ya tsuke gefe ɗaya. Yatsun hannunsa na hagu suna danna gefen tebur ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna haka har tsirkiyar ta hau, sannan ya saki numfashi ya ci gaba da maganarsa daga inda ya tsaya, kamar ba abin da ya faru. Baturen ya ce tsigar jikinsa ta tashi, domin mutumin bangon mahaifiyarsa ne zaune a gabansa cikin babbar riga. Tun ran nan yake neman kwafi mai kyau. Ya ce kunne irin wannan ba a sayensa. Ya ce ya daɗe yana son ya tambaya: Alhaji yana kiɗa ne? Wa ya koya masa?

Ya dube ni yana jirana, fuskarsa cike da jin daɗin abin da ya faɗa.

Ban juya nan take ba. Na ɗauki kofin gahawata na kurɓa, ta riga ta huce. Wakilin ya ji komai, ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji. Maganar nan ta wanke shi tas, amma za ta tsiraita Alhaji a gaban taubashinsa da bare, wato ni. Akwai hanyar ragewa. Ina iya cewa ya ga kana jin daɗin kiɗan ran nan, shi ke nan. Sai dai wannan ba za ta ishi Alhaji ba. Mutane nawa ke jin daɗin kiɗa, ba a aika musu da hoto? Zai koma kan lissafinsa na farko, kuma Baturen ya riga ya kwaikwayi yatsun a kan tebur, Alhaji yana kallo.

Na ajiye kofin. Na faɗe ta duka, da muryar da nake karanta labarai, ba hawa ba sauka, idona a kan tebur. Karkatar kan, da bakin, da yatsun, da numfashin. Na ƙare da tambayoyin biyu kamar yadda aka yi su.

Ana jin motar ɗaga kaya a ƙasa tana ja da baya. Alhaji ya dubi hannunsa na hagu a gefen teburin. A hankali ya janye shi, ya mayar cikin hannun rigarsa.

"Ce masa ba na kiɗa."

Na faɗa.

"Ce masa babu wanda ya koya mini komai."

Na faɗa. Baturen ya fara fahimtar cewa ya taka wani abu, ko da yake bai san mene ne ba. Ya cire tabarau. Ya ce idan addini ya hana, ko kuma ya yi kuskure ta wata hanya, a yafe masa, zai karɓi abinsa, ba komai.

Alhaji ya jawo hoton gabansa, ya daɗe yana dubawa. Ba fuskar yake kallo ba, hannun hagun yake kallo. Sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba, ba da wakilin ba.

"Bai same ta ba tukuna. Tsirkiyar ta yi sako-sako, ɗaurewa yake yi. Saura kaɗan." Ya ɗaga kai. "Wannan kada ka juya."

Ban juya ba.

"Ce masa a wurinmu ba a mayar da kyauta. Ce masa na gode, Allah Ya saka. Ce masa na zo ne in ji tarihin abin, na kuma ji."

Ya shanye gahawarsa a kurɓi ɗaya, ya miƙe, ya ba Baturen hannu. Wakilin ya yi sauri zai ɗauki hoton, Alhaji ya ce bar shi, ya ɗauka da kansa.

Mun yi la'asar a wani ƙaramin masallaci na ma'aikata kusa da siton, lokaci ya ɗan ja. Alhaji ya bar hoton a mota, a kife. A hanyar dawowa muka shiga cunkoson gari. Ni dai ina jira in ji ko zai ba da haƙuri, ko zai ce wani abu a kan abin da ya faɗa a ofis. Wakilin ma jira yake yi, na gani a yadda ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

Daga baya Alhaji ya ce, "Kwantenar jibi. Ka tsaya a kanta da kanka, kada su sake ɗora tayil a kan kayan banɗaki kamar wancan karon."

"To, Alhaji."

"Kuma ka kira yarinyar nan. Tun ɗazu take nemanka."

Wakilin ya ce to. Bai kira ba sai da ya sauke ni a tashar jirgin ƙasa. Da zan fita Alhaji ya ce, "Na-Rediyo, ka iya aikinka." Ban gane ko yabo ba ne. Ya dube ni ta taga, duba mai tsawo, irin na mai son ya san iyakar abin da ka sani. Na ce Allah Ya huta gajiya, na rufe ƙofa.

Wakilin yana nan a ofishin Murshid Bazaar har yau, an sabunta masa biza, babbar 'yarsa ta gama makaranta. Masu hawa benen sun ce wasan da ke tsakaninsu ya mutu tun daga wannan Sha'aban ɗin, yanzu Alhaji da wakili ne kawai. Har yanzu suna sayen tayil a wurin Baturen. Ni kuwa muna gaisawa da Alhaji idan mun haɗu a masallacin Juma'a, amma bai sake kirana tafinta ba.